Yadda Tofazzol Ya Binne Gatarin Haji

A ƙauyen Hijolpur, can ƙasar Silet, babu wanda bai san Tofazzol Miah ya yi zaman Ingila ba, domin shi da kansa yake tuna wa mutane kullum bayan la'asar. Wata bakwai ya yi a can, shekara goma sha tara da suka wuce, a ɗakin girkin gidan abincin wani surukinsa, yana yankan albasa a tsakiyar mutum shida waɗanda duk 'yan gundumarsu ne. Baturen da ya fi shaƙuwa da shi shi ne mai kawo buhunan dankali, kuma hirarsu ba ta taɓa wuce nuna inda za a ajiye buhu ba. Ya dawo gida da abu biyu: wata kwat mai kauri da yake sawa ko ana zafin da kwalta ke narkewa, da ɗan littafin salon maganar Turawa.

Littafin kashi biyu ne. Rabin farko maganganun da Bature ke yi in ya yarda da kai, rabin ƙarshe waɗanda yake yi in bai yarda ba. Wata damina ruwa ya shiga akwati, bangon littafin ya tafi, shafukan suka rarrabu. Matarsa Rowshon Ara ta shanya su a kan rufin kwano, ta tattara, ta ɗinke da zaren buhu yadda suka zo hannunta. Tofazzol ya karɓa ya duba, bai ga abin da ya canja ba.

A rumfar Sunafor mai shayi yake baje kolinsa. Yakan ce Bature ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Yana da hanya arba'in ta yarda da hanya arba'in ta ƙi, kuma duk faɗin gundumar nan mutum ɗaya ne ya san tamanin ɗin. Ba ya faɗin sunan mutumin, sai dai ya gyara wuyan kwat.

Wata rana Sunafor yana zuba shayi ya ce, "To, Tofa Bhai, ranar da suka ce ka tattara ka koma gida, da wacce daga cikin tamanin ɗin suka faɗa maka?"

"Wannan a rubuce suka ba ni," in ji Tofazzol, ya ci gaba da bayaninsa.

Ana nan sai maganar tafki ta taso. Tafkin na wasu 'yan'uwa biyu ne, Haji Montaz Ali da ƙanensa Arjad, gadon mahaifinsu. Arjad ya tafi Ingila tun yana saurayi, ya samu abin hannu, ya aiko cewa zai cike rabinsa da ƙasa ya gina bene. Haji ya ce in aka cike rabi, sauran rabin ya zama kwata. Ga kifinsa a ciki, ga matan unguwa da ke wanki a matakalar tafkin tun zamanin kakanni. Aka kafa sandar gora a tsakiyar ruwa ta zama iyaka, 'yan'uwan suka daina gaisawa shekara ashirin da biyu. Limamai uku sun gwada sulhu sun gaji. Bara Arjad ya rasu a can, yanzu kuma aka ce 'yarsa ta fari, Tahmina, tana tafe a madadin ƙannenta don a gama magana.

Tahmina a Ingila aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ta sani na harshen gida bai wuce gaisuwa da sunayen abinci da faɗan da uwarta ke yi mata tana ƙarama ba. Dole a nemi tafinta. Kowa ya ambaci Purnima Didi, wadda ta koyar da Turanci shekara talatin a makarantar 'yan mata, amma ta tafi birni wajen 'yarta da ta haihu. Tofazzol bai jira a kira shi ba. Ya sa kwat ya je wajen Haji, ya ce masa ai tafiyar Didi rahama ce, don Turancin alli daban, na titin Landan daban, kuma yarinyar nan da salon magana za ta zo, irin wanda in ba a san kansa ba sai mutum ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Haji ya dubi kwat ɗin, ya dubi ranar da ake ƙwallawa, ya ce to.

A gida Tofazzol ya shimfiɗa wa Rowshon Ara tsarinsa. Zai raba rigimar da ta gagari limamai uku, a gaban ƙauyen nan kaf. Daga nan zai buɗe makarantar Turanci ta manya masu shirin tafiya waje, a ɗakin da take ajiye shinkafa. Ta tambaye shi inda za ta kai shinkafar. Ya ce idan makaranta ta kankama sun daina cin shinkafar gona, sai ta leda. Ta ce to, har zuwa lokacin za ta bar ta inda take.

Ranar Laraba aka zauna a barandar Haji. Aka kawo shayi da ganyen pan na tauna. Tahmina ta gaida baffanta da harshen gida, ta ce, "Chacha, kana lafiya?" Fuskar tsoho ta ɗan saki. Daga nan harshenta ya ƙare, na Tofazzol ya fara.

Haji, don ya buɗe hira, ya ce hanyar nan daga filin jirgi ta lalace ƙwarai. Tofazzol ya isar da saƙon da kalma uku da jijjiga kafaɗa. Tahmina ta yi dariya ta ce, "Tell me about it." Abin da Turawa ke cewa ke nan in kun sha wahala ɗaya da su, wato kai dai bari. Tofazzol ya bi maganar kalma-kalma, ya gaya wa Haji yarinya tana son a ba ta labarin hanyar. Haji ya yi mamaki, amma baƙuwa ce. Ya ɗauko daga shekarar da aka fara zuba tsakuwa, ya bi ta kan ɗan kwangilar da ya gudu, da gadar da ruwa ya tafi da ita, har shayi ya huce. Ya rufe da cewa hanyar nan sai dai addu'a. Tofazzol ya fassara wannan ƙarshen kaɗai. Tahmina, da wuyanta ya gaji da gyaɗawa, ta ce, "You can say that again," ma'ana ka faɗi gaskiya.

"Ta ce ka maimaita," in ji Tofazzol.

"Daga ina?"

"Ba ta ware ba. Daga farko ya fi aminci."

Haji ya koma shekarar tsakuwa. Tahmina ta gane sunayen wuraren da ta ji ɗazu suna sake wucewa a jere, kuma da yake ta saba da tsofaffi a asibiti, sai ta fara duban baffanta da idon aiki.

Da aka zo kan abin da ya tara su, Haji ya gyara zama ya ce muddin yana numfashi ba za a zuba ko kwando ɗaya na ƙasa a tafkin nan ba. Tofazzol ya isar da wannan daidai, don kalmomin ƙanana ne, tafkin kuma yana gabansu ana nunawa da yatsa. Fuskar Tahmina ta yi haske, domin ita ma abin da ta keto teku ta zo faɗa ke nan. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "I couldn't agree more," wato ta yarda har babu sauran wurin ƙari.

Tofazzol ya ji "ba zan iya ba", ya ji "yarda", ya haɗa su wuri ɗaya. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Haji Chacha, ta ce ba za ta iya yarda ba. Har ta ƙara wata kalma a ƙarshe mai nuna ko nan gaba kada a sa rai."

"Amma ai murmushi take yi."

"Haka suke. Wanda ya ba ni takardar komawa gida ma murmushi yake yi."

Haji ya ce a gaya mata ita 'yarsa ce, yana roƙonta ta yi tunani. Tofazzol ya buɗe littafi a kan gwiwa, ya samo wata jimla mai kalmar roƙo a ciki, ya karanta ta da murya mai zurfi. Jimlar kuwa ita ce hanyar da Bature mai ladabi ke cewa ban yarda da ke ba. Tahmina ta yi sororo. Yanzun nan ta goyi bayan tsohon, shi kuma ya ce bai yarda da ita ba. Ke nan ya juya, shi ne yanzu mai son a cike tafkin. Sai ta ce a hankali ita ta zo ne a binne gatari, kuma a shirye take su haɗu a rabin hanya. Duk biyun salon magana ne a Turanci: na farko a yar da gaba, na biyu kowa ya sassauta. Tofazzol ya san kalmar gatari, ya san binnewa, ya san rabin hanya. Ya rufe littafi ya ce a ba shi zuwa Asabar.

Bayan tafiyarta ya warware wa Haji sharuɗɗan. Rabin hanya tsakanin ɓangarensa na tafkin da nata babu inda yake sai wajen sandar gorar nan, a tsakiyar ruwa, don haka can za a zauna. Ya ce a Ingila duk sulhu mai nauyi a kan ruwa ake yin sa, shi ya sa ma suka zaɓi ƙasar da ruwa ya kewaye. Sharaɗi na biyu, Haji ya zo da gatarinsa a binne.

Gatarin nan na mahaifinsu ne, ƙirar wani maƙeri da ya daɗe da mutuwa, kuma Haji ba ya ara wa kowa shi. Ya ce, "Gatarin me ya yi mata?"

"Ba laifinsa ba ne. Ƙa'ida ce."

Ita kuwa Tahmina, Tofazzol ya same ta a gidan dangin mahaifiyarta ya gaya mata al'adar ƙauye ce a yi sulhu a cikin kwalekwale. Ba ta taɓa jin haka daga bakin mahaifinta ba, amma ba ta so a ce 'yar Arjad ta zo ta raina al'ada. Ta ce to.

Kafin Juma'a labari ya cika ƙauye. A rumfar shayi Tofazzol ya bayyana cewa yarinyar ta ƙi sau ɗaya, ta nemi maimaici sau ɗaya, ta gindaya sharaɗi biyu, kuma ba don shi ba da tuni an yi baram-baram. Matan da ke wanki a tafkin suka shiga zullumi, har wasu suka fara tambayar inda za su riƙa kai kaya in an cike shi. Ranar Asabar da safe Rowshon Ara ta ce masa ya bar kwat a gida, tunda kan ruwa zai hau. Ya ce tafinta ba kwat, ai ɗan aike ne.

Hantsi bai gama ɗagawa ba bakin tafki ya cika. Dangin mahaifiyar Tahmina suka tsaya ta gabas, surukan Haji ta yamma, mata suka cika matakala. Sunafor ya kwaso butocinsa ya kafa rumfa a gindin kwakwa. Purnima Didi, da ta dawo daga birni da safiyar nan, ta ga ƙauyen fayau, ta bi sawun mutane ta tsaya a baya da lemarta.

Kwalekwale ɗaya aka samu aro, ƙarami. Tahmina ta zauna a goshi, Tofazzol a tsakiya da itacen tuƙi, Haji ya shigo a ƙarshe ya zauna ya ɗora gatari a cinya. Tahmina ta dubi gatarin, ta tambayi Tofazzol na mene ne. Ya amsa mata da Turancinsa, cikin fara'a, cewa na binnewa ne. Ba ta ƙara tambaya ba, sai dai ta auna nisan gaɓa da ido.

Tofazzol ya tuƙa, kwalekwale ya juya ya dawo inda ya tashi. Ya sake tuƙawa, ya sake dawowa. A karo na uku Haji ya miƙa hannu ya karɓi itacen, ya kai su gindin gora.

Nan Tahmina ta tattara ƙarfin halinta ta yi magana mai tsawo. Ta ce mahaifinta a ciwon ajalinsa ya yi nadama, ya bar wasiyya kada a taɓa tafkin nan. Ta ce tana girmama baffanta, amma duk mai son ya cike ruwan nan, ko wane ne shi, to sai dai bayan ranta. Turawa in za su faɗi haka gawa suke ambata, su ce sai an bi ta kan gawarsu. Maganar ta yi wa Tofazzol sauri. Duk ta wuce shi sai wannan wutsiyar. Amma jama'a na jira, kuma tafinta ba ya cewa bai ji ba. Ya juya ga gaɓa ya ɗaga murya yadda na gindin kwakwa za su ji.

"Ta ce yau sai an tsallake gawa."

Wata tsohuwa a matakala ta fasa salati, sauran mata suka ɗauka. Haji ya kai hannu ga gatari don ya kawar da shi daga cinyarsa, na gabas suka ga hannu a ƙota, suka naɗe zanen lungi suka fara shiga ruwa. Na yamma suka ga na gabas sun shiga, su ma suka shiga. Tofazzol ya ga sulhunsa na shirin zamewa daga hannunsa, ya ga abin da ya rage kawai a cika sharaɗi na biyu nan take. Ya miƙe tsaye a tsakiyar kwalekwale, ya fizge gatarin, ya ɗaga shi sama da hannu biyu don kowa ya shaida.

Kwalekwale ya fara tangaɗi. Tahmina ta riƙe gefe ta ce masa da Turanci, da kalma biyu, ya zauna. Wannan magana ba ta cikin littafin, don haka ya tsaya yana nazarin ko ta yarda ce ko ta ƙi. Bai gama ba ya jefa gatarin. Gatari ya tafi, kwat mai kauri ta bi shi, Tofazzol yana cikinta.

Ruwan wurin iya ƙirji ne, taɓon ƙasa iya gwiwa. Ya taso bakinsa cike da ganyen ruwa, ya kama gefen kwalekwale, ya kasa cewa komai a kowane harshe. Mazan da suka shigo daga gabas da yamma suka tsaya cak, ruwa iya ƙugu, suna kallon juna.

A cikin kwalekwale aka bar baffa da 'yar ƙanensa, babu kowa a tsakaninsu. Can Tahmina ta tono abin da ta tsinta a ɗakin girkin uwarta, ta jera shi ɗaya-ɗaya, tana nunawa da hannu.

"Chacha. Kifi, naka. Ruwa, na kowa. Ƙasa, a'a."

Haji ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Ai abin da nake faɗa ke nan shekara ashirin da biyu."

Ba ta gane duka ba, amma ta gane fuskarsa. Ta ƙara lalubo wasu kalmomin ta ce, "Abba ya ce, Yaya ya yafe."

Haji ya sunkuyar da kai ya goge ido da gefen rigarsa, ya ce ruwan da wancan ya fantsama ne. Sannan ya kama sandar gorar yana jijjigawa. Tahmina ta sa hannu, suka tumɓuke ta tare, suka kwantar a cikin kwalekwale. Haji ya tuƙa zuwa gaɓa, Tofazzol yana maƙale a gefe ana jan sa.

A matakala Purnima Didi ta matso ta yi wa Tahmina 'yan tambayoyi, sannan ta juya ta bayyana wa jama'a, cikin muryar aji, cewa yarinyar nan tun ranar Laraba ta yarda da baffanta, kafin a ɗauke kofuna. Sunafor ya nemi a bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, don amfanin masu sauraro. Aka bi. Da aka zo kan labarin hanya, Haji ya tambaya ko ke nan ba kowa ya ce ya maimaita ba. Didi ta ce babu. Da aka zo kan gatari, matan matakala suka zauna a ƙasa don dariya.

Tofazzol, ruwa na tsiyaya daga aljihunan kwat, ya ce a yi masa adalci. Yarinyar nan a arewacin Ingila ta tashi, shi kuwa a kudu ya zauna, kuma kowa ya san Turancin ba ɗaya ba ne.

"Da ta ce ka zauna fa?" in ji Didi.

"Shi ma na arewa ne."

"A kudun me suke cewa?"

Tofazzol ya ce a halin yanzu kunnensa ya sha ruwa. Ya juya zai wuce gida, Haji ya riƙe masa hannun kwat. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce rigima ta ƙare, alhamdu lillahi, kuma tunda ta tabbata ba wanda ya nemi a binne gatarin mahaifinsa, yana son abinsa.

Washegari Haji ya kawo kujera da lema ya zauna a bakin tafki. Tofazzol ya shiga da singileti, yana laluben taɓo da yatsun ƙafa, yana nitsewa yana tasowa. Ranar farko ya fito da tsohon bokiti da takalmi wari ɗaya. Rana ta biyu ya fito da ƙafar keke, da farantin da wata mata ta ce nata ne tun tana amarya, ta karɓa ta yi godiya. Tahmina takan zo ta zauna kusa da baffanta suna cin gyaɗa, yana nuna mata abubuwa yana faɗin sunayensu, tana maimaitawa.

Rana ta uku, gab da azahar, Tofazzol ya taso da gatari a hannu. Ya tako zuwa matakala, Rowshon Ara da ke wanki ta janye bahonta ta ba shi hanya. Ya miƙa wa Haji da hannu biyu. Gatarin ya ci tsatsa har ya yi ja, ƙotar ta ruɓe saura tsawon yatsa. Tofazzol ya ce ruwan tafkin nan akwai saurin cin ƙarfe.

Haji ya juya gatarin sama da ƙasa, ya ajiye shi a gefen kujera.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce. "Koma."

Rowshon Ara ta sake janye bahonta.